Hancin Tankar Sati

Ranar wata Talata ce cikin bazara, tsakanin azahar da la'asar, murfin tankar mai ya ɓalle ya bugi Sati a haɓa, ya faɗo daga saman motar a wani fili a Muchia, bai sake motsi ba. Wuta ba ta tashi ba. Mutanen unguwa suka ce an yi sa'a, kuma ta ɓangarensu ba su yi ƙarya ba.

A lokacin, mijin yayarsa, Malam Aaron, yana cikin bas a Kwangila, an matse shi tsakanin buhun barkono da wata mata mai atishawa, yana maimaita wata magana a ransa kamar ɗalibin da ke tsoron mantuwa kafin a raba takardar jarrabawa.

Malam Aaron kimiyya ya koyar a wata sakandare a Samaru har ya yi ritaya. Gidansa cike yake da littattafai, waɗanda bayan shi gara ce kaɗai ke leƙa su. Matarsa Doguwa ta rasu da 'yan shekaru. 'Ya'ya sun watse garuruwa, suna kira ranar Lahadi su tambaye shi ko ya sha magani. Daga dangin Doguwa na can ƙauyensu ta hanyar Giwa, mutum ɗaya ne ya ci gaba da taka gidan, shi ne Sati, autansu, direban tanka, wanda ya kwaso dariyar yayarsa da taurin kanta duka, bai bar mata ko ɗaya ba.

Kowa ya san yadda mutum yake da ƙanin matarsa. Wasa ne a tsakaninsu, irin wanda in ka yi fushi da shi kai ne abin dariya. Tun ranar da aka kai kayan auren Doguwa suke zagin juna. Sati yana kiransa Furofesa, yana jan kalmar yadda kowa zai ji cewa ko benci ba a taɓa ba shi a jami'a ba. Shi kuma yana kiransa ɓarawon mai, don an san abin da ake faɗa a kan direbobin tanka. Doguwa takan ce, "Ku biyun nan, ranar da ɗayanku ya faɗi gaskiya, ɗayan ba zai gane ta ba." Tana tankaɗe take faɗa, ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi, har ita.

Da ta rasu, wasan bai bi ta ba. Duk dawowa daga Kudu, Sati zai shigo da doya ko agada a kafaɗa, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya, "Furofesa yana nan, ko littattafan sun cinye shi?" Malam Aaron zai amsa daga ciki, "A ɓoye galan, ɓarawon mai ya zo." Sai a shimfiɗa tabarma a ci abinci. Wannan ce kaɗai hayaniyar da ke shiga gidan, kuma Malam Aaron yakan fara jin kunnensa yana nemanta tun kafin ranar ta zo, ko da yake da za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Tankar ta Madam Ugomma ce, mai wani ƙaramin gidan mai a Sabon Gari. A Muchia aka haife ta, kuma Hausarta ta fi ta Hausawa da yawa kaifi, musamman wajen faɗa. Ubanta manja ya sayar a kasuwar Sabon Gari, a wurinsa ta gaji awo ɗaya tak da ta yarda da shi. In aka kawo durom, a buɗe, a tsoma yatsa. In yatsa ya taɓa mai, wanda ya kawo mutumin kirki ne. In ya fito a bushe, ɓarawo ne. Da ta koma sayar da fetur ba ta ga dalilin canza yatsa ba. Tana da sandar awo mai lambobi a jiki, wadda ake zurawa cikin tanka a ga iyakar mai, amma tana jingine a bayan ƙofa ana korar awaki da ita. Duk zuwan mota, Madam za ta tamke zane, ta hau tsani da kanta, a buɗe mata murfi.

Cikin damina abin ya fara. Sati ya yi lodi a Kudu da tsakar rana ana zafi, ya iso Zariya da safiyar da aka kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi har ƙarfen mota yana cizon hannu. Madam ta hau, ta tsoma yatsa, ta ɗago shi a bushe. Daga can saman tankar, a gaban layin 'yan keke da 'yan acaɓa, ta nuna shi da yatsan nan ta ce, "Sati! Ashe kai ma ɓarawo ne?"

Sati dattijo ne a cocinsu, makullan wurin ma a hannunsa suke. A wuraren da direbobi ke tsayawa a hanya su rage jarka ɗaya ko biyu, ba a ko ɗaga masa hannu, an san ɓata lokaci ne. Ranar ya zo Samaru hannu biyu ba komai, ya zauna, ya ba da labarin yana kallon tuwo.

Malam Aaron ya ji, ya kuma ga fuskarsa sarai. Ya buɗe baki, abin da bakin ya saba ya fito. "To ai ba ta yi ƙarya ba. Ni tun yaushe nake faɗa ba a ji?"

Sati ya yi dariya, don haka ake yi. Amma rabin tuwon ya koma kicin.

"Saurara, kai jaki," in ji Malam Aaron. "Man naka ba inda ya je. Da zafi ka ɗauko shi, ya kumbura. Ya zo nan ya sha sanyi, ya tsuke. In rana ta buɗe zai koma inda yake. Wannan a aji biyu na sakandare ake koyar da shi."

"Ni a aji ɗaya aka kore ni, Furofesa."

"An yi daidai."

"Sai ka je ka karantar da yatsan Madam."

Bayan 'yan makonni Sati ya dawo da fara'arsa, da agada kamar zai buɗe shago. Ya ce ya yi maganin abin. Yanzu da asuba yake lodi, mai yana da sanyi, yana lallaɓa masu lodi su cika masa har baki, kada su bar wa iska ko tafin hannu ɗaya a sama. Kafin ya iso Zariya man ya taso yana lasar murfi, yatsan Madam yana fitowa sharkaf, har ta fara kiransa Fasto.

"Matsala ɗaya na samu," in ji shi, "hancin nan. Ina wuce Lokoja sai ya fara yoyo kamar mai mura."

Abin da yake kira hanci wani ɗan bawul ne da ke kan kowane murfi a saman tankar. Aikinsa ɗaya ne. In mai ya ji zafi ya matse iskar da ke samansa, bawul ɗin ya buɗe da kansa, ya yi tsaki, iskar ta fita. In mai ya huce, ya shaƙo iska ciki. Tunda Sati ya daina barin wurin iska, mai ne ya koma fitowa ta nan.

Malam Aaron ya ajiye cokali. "Me ka yi masa?"

"Maganin mura. Sabulu na cusa masa, na naɗe da robar cikin taya. Yanzu ko ɗigo."

"Dukansu?"

"Ai ba a yin aiki rabi."

Malam Aaron ya cire tabarau ya riƙe a hannu, abin da yakan yi a aji in zai faɗi abin da zai fito a jarrabawa. "Sati, yau ɗin nan ka je ka kwance robar nan, ka tsame sabulun. Wanda ya ƙera tankar nan ba don ado ya sa mata hanci ba, kuma ba don rowa ake barin wuri a sama ba. Mai ba iska ba ne, ba ya matsuwa. In ya kumbura bai sami wurin zuwa ba, da kansa zai nemi ƙofa, kuma ba zai yi maka sallama ba. Ko walda ta tsage, ko murfi ya tashi. Bam kake ja a bayanka."

"Kai! Yau kuma bam? Wancan karon ɓarawo, wannan karon ɗan ta'adda. Ana ta ƙara mini girma a gidan nan."

"Ba wasa nake ba."

"Na sani mana. Haka ka ce ranar da ka aike ni tashar Kwangila in tarbo kawunka, na wuni a rana, ashe mutumin ya mutu tun jirgin ƙasa yana zuwa kan lokaci."

Gaskiya ne, an yi haka, kuma Doguwa ta yi dariya ranar har ta zauna a ƙasa. "Ba wasa nake ba" ta daɗe da shiga cikin wasan, ta zama kamar tsohon takalmi, ba ta riƙe komai.

Malam Aaron ya tashi ya ɗauko kwalbar lemo, ya cika ta da kananzir har wuya, ya ɗaura zare daidai iyakar man, ya kai ta kan katanga inda rana ke duka. Suka zauna jira, Sati yana sakace haƙori. Da aka jima ya ɗauko ta ya dasa masa a gaban hanci. Man ya haura zaren.

"Wannan kwalba ɗaya ce, kuma kananzir ne. Fetur ya fi shi saurin tashi. Taka durom nawa ce? Abin da zai ƙaru a cikinta ya fi durom guda. Ina za ka zuba shi?"

Sati ya karɓi kwalbar, ya ɗaga ta sama, ya daɗe yana dubawa. Ya gyaɗa kai a hankali. Malam Aaron ya ji zuciyarsa ta fara sauka.

"Lallai," in ji Sati. "To ka ga ke nan Madam har gyara nake kai mata." Ya girgiza kwalbar. "Kananzir ɗin nan kana so, ko in tafi da shi?"

Da ya ga ta nan ba ta ɓulle ba, Malam Aaron ya sa tsohuwar kwat ɗinsa ta zuwa coci ya hau mota zuwa Sabon Gari. A hanya ya yi wa kansa alkawari zai yi magana da taushi. Ya sami Madam Ugomma a ofishinta, janareta yana ruri a bayan taga, tana cin gyaɗa.

"A'a, Baba Tica! Kai ne mijin yayar Sati? Wanda yake ba mu labarinsa? Zauna, zauna. A kawo maka ruwa?"

Ya zauna, ya yi bayani tun daga farko, da zafi da sanyi da hanci da sabulu. Ya roƙe ta abu biyu. Ta ɗauko sandar awonta daga bayan ƙofa ta riƙa aiki da ita, sannan ta gaya wa Sati ya bar wa tankar wurin iska, ba za ta ce masa komai ba. Ta saurare shi har ƙarshe, tana ɓare gyaɗa.

"Baba Tica, tambaya ɗaya. Tun da na yi wa Sati magana, mota a cike take zuwa. Da can kuwa ba ta cika. To da can ina man yake zuwa?"

"Shi na gama gaya miki yanzu. Ba ya zuwa ko'ina."

"Mai ba ya zuwa ko'ina, amma ya ragu. To. Ubana da yatsan nan ya yi awo har ya gina gidaje a Muchia. Kai da littattafanka me ka gina?"

Alkawarin da ya yi a mota ya tsaya a nan. "Ubanki manja ya sayar, Madam. Manja in ya zube, awaki ne ke murna. Wannan in ya zube unguwa ce ke tafiya. Kina ajiye da sandar da aka yi domin awo, kina awo da abin da kike ɓare gyaɗa da shi."

Ta ajiye gyaɗar. Muryarta ta yi sanyi. "Robar ba ni na ɗaura ba. Motarsa ce in yana hanya. Kuma kai da ka zo kana wanke shi, ba kai ne kake kiransa ɓarawon mai ba? Shi da bakinsa ya gaya mana."

"Wannan wasa ne tsakanina da shi."

"To ni ma ka ɗauka wasa nake. A gaida Samaru."

Ya fito, ya wuce sandar awon a jingine, an rataye tsumma a kanta.

Sauran damina ta rufa wa Sati asiri, lokacin sanyi ya ƙara rufawa. Duk tafiyar da ya dawo lafiya sai ta zama hujja a kan Malam Aaron. "Furofesa, bam ɗinka ya ce a gaishe ka." Malam Aaron ya daina mayar da zagin. Ya koma yi masa maganar kafin gaisuwa, sannan bayan gaisuwa, sannan a bakin ƙofa. Wata rana ya ƙi karɓar doya ya ce sai an kwance robar. Sati ya ɗauka sabon salon wasa ne, ya ajiye doyar a kan kujerarsa, ya sa mata tabarau, ya gaishe ta da Furofesa. Malam Aaron ya yi tunanin ya haɗa shi da sunan Doguwa, ya ce don darajarta. Amma tun da aka binne ta ba su taɓa ambatonta a tsakaninsu ba, kuma duk sanda ya kawo sunan bakinsa sai ya fasa, ya ƙare da cewa, "Jaki kawai."

Sai bazara ta shigo, irin wadda kwalta ke kama takalmi, kaji suna yawo baki buɗe. A Kudu kuwa ruwan farko ya fara sauka. Sati ya yi lodi da asuba ana yayyafi, mai ya yi sanyi ƙalau, aka cika masa har baki. Ya iso Sabon Gari da safiyar Talata ya tarar tiyon sauke mai ya fashe, an tafi nemo wani. Madam ta ce ya kai motar filin bayan gidanta a Muchia ya jira. Filin ba shi da ko bishiyar da kare zai fake.

Bayan azahar wayar Malam Aaron ta yi ƙara.

"Furofesa, kana barcin 'yan fansho ne?"

"Me ya faru?"

"Ƙawarka ce take nishi. Tankar. Tana wani ƙas, ƙas, kamar kwanon rufi. Kuma kamar cikinta ya ɗan turo ta gefe. Na ce bari in ba ka labari ka ji daɗi, yau dai maganarka ta kusa fita. Zan hau in kwance mata robar nan, ka huta da surutu, ni ma in huta."

Malam Aaron bai san sanda ya miƙe ba. "Kada ka hau. Sati, kada ka taɓa komai a saman nan yanzu. Ka kori mutane daga wurin, a kashe duk wata wuta da ke kusa, ka nemo 'yan garuwa su yi ta kwara mata ruwa. Sai ta huce sannan a taɓa ta."

"Ikon Allah! Wata da watanni, kwance, kwance. Yau na ce zan kwance, kada ka kwance. Furofesa, ka tsaya a wuri ɗaya mana."

"Sabulun ya bushe a ciki ya zama dutse. Ko ka yanke robar ba zai buɗe ba, sai ka ce bari ka sassauta murfi. Na san ka. Kada ka taɓa murfin nan!"

"Kuma in tara 'yan garuwa a kan motar mai da tsakar rana, a bayan gidan Madam? Ta leƙo ta ce ruwa nake haɗa mata da shi? Ɓarawo ɗaya bai ishe ni ba?"

"Ba wasa nake ba!"

"Na sani," in ji Sati, yana dariyar nan ta yayarsa. "A gaida kawunmu na Kwangila." Ya kashe.

Malam Aaron ya sake kira, tana ta ringi ba a ɗauka. Sati ba ya hawa saman tanka da waya a aljihu. A duk dokokin aikin wannan ce bai taɓa karyawa ba. Lambar Madam kuwa Malam Aaron ba shi da ita, don ranar da ya je ba su yi irin rabuwar da ake musayar lamba ba.

Ya fita da silifas. A bakin titin Samaru bas ɗin da ya samu saura mutum kaɗan ta cika, kuma ba ta tashi sai ta cika. Ya ce a tafi, rai ne a gaba. Kwandasta ya dube shi daga silifas zuwa furfura ya ce, "Baba, kowa a motar nan rai gare shi." Da aka tashi, aka tsaya a Palladan aka sauke wata mata, aka tsaya gaba kaɗan aka ɗora buhunan barkono, aka yi gardamar inda za a sa su. Yana kira, tana ringi. A Kwangila wata tirela ta mutu a tsakiyar hanya, motoci suka cushe, kowa yana danna hon kamar hon ne zai ture ta.

A nan, da barkono yana cin idonsa, maganar ta dawo masa. Ɓarawo ɗaya bai ishe ni ba? Ba da muryar wasa aka faɗi wannan ba. An yi dariya kafinta, an yi bayanta, amma ita kanta a bushe ta fito. Sai ya tuna yadda Sati ya daɗe yana kallon kwalbar nan, yadda ya gyaɗa kai. Ya gane sarai. Tun ranar ya gane. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana jan mai bai buƙatar zare a wuyan kwalba. Shi kuwa Malam Aaron ya yi ta maimaita darasin da aka riga aka ɗauka, yana ƙara murya, kamar yadda ya yi wa ɗalibai shekara da shekaru. Ranar da Sati ya zo hannu biyu ba doya, ya zauna yana kallon tuwo, ba bayanin zafi da sanyi ya zo nema ba. Madam ta kira shi ɓarawo a gaban 'yan keke, ya taho gidan yayarsa, aka sake kiransa.

Sai ya fara shirya maganar. Ba jaki a ciki, ba aji biyu. Zai kira shi da sunan da Doguwa ke kiransa, wanda ba a sake furtawa ba tun da ta tafi, don ya san da wannan sunan ba a wasa. Ya gyara ta, ya rage ta, ya maimaita, har matar da ke gefensa ta daina atishawa ta dube shi, don leɓunansa suna motsi.

Ya sauka kafin a kai tasha ya kama ɗan acaɓa. Tun daga nesa warin fetur ya tare su, ɗan acaɓan ya kashe mashin ya ce iyakarsa nan. Mata sun kashe murahu, an jawo yara cikin gida. Wasu mazan kuma sun riga sun fito da robobi suna kwalfar abin da ya kwanta a kwata. Tankar tana tsaye a rana, gefenta a jiƙe, murfin tsakiya yana lilo, ƙarfe ɗaya ne kawai ya riƙe shi.

Dogo, mai gadin filin, ya san shi, ya tare shi da hannu biyu. "Malam, tsaya tukuna. Malam."

"Murfin ya taɓa?"

"Robar ya fara yankewa. Ba ta yi komai ba. Ya tsokane ta da tsinke, shiru. Sai ya leƙo ya ce mini, Dogo, bari in ɗan sassauta mata murfi kaɗan ta sha iska. Ko rufe baki bai yi ba."

An lulluɓe Sati da zane. Madam Ugomma tana zaune dirshan a ƙasa kusa da shi, ba ɗankwali, ƙafafunta cikin fetur. Da ta ga Malam Aaron ta ɗago hannu biyu. "Baba Tica, a cike take. Wallahi a cike take. Har ta yi yawa."

Yana da amsar da zai ba ta. Ta zo masa nan take, a shirye, mai kaifi, irin wadda za ta bi ta har kabari. Ya dube ta, ya haɗiye. Ya durƙusa a gefen zanen, gwiwoyinsa suna ƙara, fetur yana ratsa wandonsa da sanyi. Ƙafafun Sati sun fito ta ƙasa, takalmi ɗaya ya fita. Ya jawo zanen ya rufe su.

Maganar tana nan a bakinsa yadda ya shirya ta tun daga Kwangila, ba abin da ya ɓace a cikinta.

Auta, ni ban taɓa yarda ka ɗauki ko cokali ɗaya na man wani ba, ko sau ɗaya. Bar mata iskarta, ka zo gida mu ci tuwo.